KIWON KAJIN GIDA: ABIN DA MAI SON FARAWA YA KAMATA YA SANI

Wannan shi ne jawabin da malamin gona ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, ranar da suka taru a ƙofar gidan maigari. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, domin waɗanda ba su samu zuwa ba su karanta, su kuma karanta wa mutanen gidansu.

   

Malamin ajinku ya ce mini da yawa daga cikinku suna son su kama wata sana'a wadda ba ta bukatar jari mai yawa. Ya ce in zo in yi magana a kan kiwon kaji. Na san wani zai ce a ransa, "Kaza kuma har sai an koya mana? Ai a cikinsu muka tashi." Gaskiya ne. Babu gidan da ba a taɓa ajiye kaza ba a garin nan. Amma ajiye kaza daban, kiwon kaza daban. Mai ajiye kaza yakan sake ta ne kawai, in ta rayu ta rayu. Mai kiwo kuwa ya san yawan kajinsa, ya san abin da suka ci, ya san inda suka kwana, ya kuma san watan da annoba take zuwa.

Bari in fara da labarin kaina, don kada ku ɗauka a takarda kawai na san abin.

ZAKARAN ARAHA

Shekarar da na fara aiki, ina da kaji 27 a gida. Uwargidana ce take kula da su. Wata ranar kasuwa, cikin sanyin hunturu, na ga wani zakara ja, ƙato, ana sayar da shi rabin kuɗinsa. Na ga yana ɗan lumshe ido, na ce gajiyar hanya ce. Na biya, na ɗaure shi a bayan keke. Ina isa gida na kwance shi a tsakar gida, ya shiga cikin sauran.

Kwana biyu zakaran ya mutu. Kafin mako biyu su cika, kaji huɗu suka rage mini. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne cutar ta haura katanga. Wata tsohuwa makwabciyarmu, wadda da kuɗin ƙwai take sayen gishiri da kalanzir, ta wayi gari ba ta da ko tsako ɗaya. Ba ta ce mini komai ba. Kullum in na wuce sai ta gaishe ni, ni kuwa in rasa inda zan sa fuskata. Ga ni malamin gona, ni na kawo wa unguwa annoba. Sai da na saya mata sagaru biyu bayan damina sannan na samu sukuni.

Saboda haka duk abin da zan faɗa muku yau, na biya kuɗinsa.

DA NAWA ZA A FARA?

Kada ku fara da yawa. Kaji mata huɗu ko biyar da zakara ɗaya sun isa. Zakara ɗaya yana iya wadatar da kaji har goma. In zakaru suka yi yawa, faɗa za su yi ta yi, su wahalar da matan, su cinye tsaba a banza.

Ku nemi sagara, wato budurwar kaza wadda ta kusa fara ƙwai. Kazar gida takan fara ƙwai tana da wata shida zuwa bakwai. In da hali ku saya a gidan wanda kuka sani, wanda kuka ga kajinsa suna yawo lafiya. Ya fi na kasuwa, domin a kasuwa kajin garuruwa goma ake haɗawa a keji ɗaya. Kuma kun san halinmu. Da mutum ya ga kajinsa sun fara mutuwa, sai ya kwashi ragowar ya yi kasuwa da su. Shi ya sa kaza take yin araha a lokacin annoba.

Idan za ka saya, ka ɗauke ta a hannu. Ka dubi idonta, ya zama garau, ba ruwa ba kumburi. Ka dubi hancinta, kada ka ga majina. Ka sa kunne ka ji numfashinta. Ka juya ta ka dubi gashin ƙarƙashin wutsiya. In ya ɓaci da kashi, tana zawo, ka ajiye ta. Ka taɓa ƙirjinta. In ƙashin ya fito kamar wuƙa, ramammiya ce. Kaza mai lafiya ba ta yarda a kama ta da sauƙi. Wadda ta tsaya shiru ka ɗauke ta, ka yi shakkarta.

Ko daga ina ka sayo ta, kada ka haɗa ta da na gida sai ta yi mako biyu ita kaɗai a wani lungu, da kaskon ruwanta daban. Haka ma kazar da ka kai kasuwa ba ta sayu ba ka dawo da ita. Ita ma baƙuwa ce, a ware ta.

Wasu sun tambaye ni game da kajin zamani. Akwai Shika Brown, wadda aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, ita ta ƙwai ce. Akwai Noiler, wadda kuke gani ana yawo da ita a kasuwanni, tana girma da sauri, tana kuma iya kiwon sake. Duk suna da kyau. Amma sun fi kazar gida ci, kuma yawancinsu ba su cika yin kwanci ba. Farar kazar nan ta nama kuwa ba ta sake ba ce sam. Shawarata ga mai farawa, ya fara da kazar gida. Ta san rana, ta san shirwa, ta iya tono, ta iya reno. In ka shekara da ita hannunka ya faɗa, sai ka ƙara da na zamani.

WURIN KWANA

Kafin ka sayo kaza, ka tanadi akurki. Kazar da take kwana a kan bishiya ko a bayan rumbu, rabon muzuru ce da ɓarawo. Wadda take kwana a ɗakin girki ko a ɗakin da yara suke kwana kuwa, ƙuma da cuta take kawo muku.

Akurkinmu na ƙasa yana da kyau, amma yana da aibi biyu. Ba ya shan iska, kuma ƙofarsa ƙarama ce, ba a iya share cikinsa. In za ka gina, ka zaɓi tudu inda ruwa ba ya kwanciya. Taku uku a tsawo, taku biyu a faɗi, ya ishi kaji goma zuwa goma sha biyar kwana. Ka bar tagogi ƙanana can sama, ka rufe su da waya ko ƙirare don kada maciji da ɓera su shiga. Ƙofar ta zama wadda mutum zai iya sunkuyawa ya shiga da tsintsiya. Ka gitta sanda a ciki, kamu biyu ko uku daga ƙasa, domin kaza tana son ta kwana a sama.

A riƙa sharewa ko da sau ɗaya a mako. Bayan shara a barbaɗa toka mai sanyi a ƙasa da cikin tsagar bango, domin nan ƙuma da kaska suke ɓuya da rana, su fito da dare su sha jinin kaji. A kuma zuba toka da rairayi a wani wuri mai inuwa, kaji su riƙa birgima. Wannan shi ne wankansu.

Kashin da kuka share kada ku zubar. Taki ne mai ƙarfi. Amma ɗanyensa yana da zafi, yana ƙona shuka. A tara shi a rami tare da shara, ya ruɓe, sannan a kai gona ko lambu.

CI DA SHA

Muna cewa kazar gida ita take ciyar da kanta. Da kaka haka ne, ga tsaba ko'ina a masussuka. Da damina ma akwai ƙwari da ɗanyar ciyawa. Amma da rani, musamman cikin bazara, me za ta tona? Ƙasa ce busasshiya. A lokacin ne ƙwai yake ɗaukewa, kaji su rame.

Saboda haka a taimaka musu. Kaji goma, gwangwanin madara biyu zuwa uku na tsaba a rana ya isa ƙari a kan abin da suka tono. Gero, dawa, masara, duk wanda ya samu. A haɗa da dusa. A raba biyu, kaɗan da safe, sauran da yamma a bakin akurki. Wannan na yamma yana da wata fa'ida. Kaji za su saba da dawowa gida da wuri, kai kuma ka samu damar ƙirga su, ka ga wadda ba ta da kuzari.

Amma tsaba kaɗai ba ta gina jiki, kamar yadda tuwo ba miya ba ya gina yaro. Kaza tana bukatar abin da zai sa mata nama da ƙwai. Ga ƙuliƙuli, a daka shi, amma wanda ba gishiri da yawa. Ga waken soya, amma sai an soya shi a kasko tukuna, domin ɗanyensa yana hana kaza narkar da abinci. Ga ƙurar busasshen kifi da masu kifi suke sharewa. Ga ganyen zogale. Don ɓawon ƙwai ya yi ƙwari, a ƙona ƙashi a daka, ko a gasa ɓawon ƙwai a daka shi lilis a zuba musu. Kada a jefa musu ɓawon yadda yake, za su koyi fasa ƙwai su sha.

Ga kuma gara, wadda ba sai an saya ba. Ka sami tsohuwar tukunya. Ka cika ta da busasshen kashin shanu da karmami da totuwar masara. Ka yayyafa ruwa kaɗan. Da yamma ka kife ta a inda ka ga gara tana fitowa, ka rufa mata tsumma ko ciyawa. Da safe, ko bayan kwana biyu, ka ɗaga, za ka tarar gara ta cika ta. Ka zazzage wa 'yan tsaki. Sai dai a yi wannan can nesa da rumbu da ɗakin ciyawa, kada garin neman ƙiba a samo rama.

Abu ɗaya da zan ja kunnenku a kai. Hatsin da ya yi fumfuna, wanda muke cewa "a ba kaji", kada a ba su. Akwai dafi a cikin fumfunar nan. Yana lalata hanta, yana kashe 'yan tsaki, yana rage ƙwai.

Ruwa kuwa, iyayena mata, nan ne muka fi sakaci. Kaza tana shan ruwa fiye da yadda muke zato, balle da zafi. In ba ta samu mai kyau ba, kwata za ta je ta sha. A ajiye kasko a inuwa, a wanke shi kullum, a sake ruwa safe da yamma. In ƙadangare ya sha albarkacin kaza, ba komai. Na 'yan tsaki ya zama mara zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa su mutu.

ƘWAI DA KWANCI

Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15, sai ta kwanta. Takan yi haka sau uku, wani lokaci sau huɗu, a shekara. Ku tanadar wa kowace kaza wurin ƙwai, tsohon kwando ko fasasshiyar tukunya, a shimfiɗa toka a ƙasa, a ɗora busasshiyar ciyawa, a ajiye a wuri mai duhu-duhu. In ba ku yi ba, za ta je ta yi a gindin kara, kare ko maciji ya riga ku.

Ga wata dabara da karatun da kuka yi zai taimake ku. Duk ƙwan da aka yi, ku rubuta kwanan wata a jikinsa da fensir. In kaza ta fara kwanci, ku zaɓa mata sababbi, waɗanda ba su wuce kwana bakwai zuwa goma ba. Ku ba ta takwas zuwa goma, gwargwadon girmanta, yadda za ta rufe su duka. In kun cika mata, na gefe za su yi sanyi, tana juya su, a ƙarshe rabi su lalace. Sauran ƙwan a ci, ko a sayar.

Na ce a ci. Na san maganar da ake yi, wai in yaro ya saba da cin ƙwai zai yi sata. Ni 'ya'yana suna ci, har yau ba a kawo mini ƙarar kowa ba. Ƙwai yana gina jikin yaro da mai ciki da mai shayarwa. A dafa shi sosai a ba su.

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi ya ƙyanƙyashe. Ku rubuta ranar da ta kwanta, ku ƙirga, za ku san ranar da za ku sa ido. In ƙwan zabi kuka sa mata, shi kwana 26 zuwa 28 ne, kada ku haɗa su rana ɗaya da na kaza. Bayan kwana bakwai zuwa goma da kwanci, da dare, ku haska kowane ƙwai da tocila. Mai rai za ku ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo. Wanda yake garau ba komai a ciki, a cire shi. A ajiye wa mai kwanci ruwa da tsaba kusa, don kada ta yi nisa ƙwai ya huce.

'YAN TSAKI

To jama'a, nan ne ribar take, nan ne kuma take zubewa. Kowa a nan ya ga kaza ta fito da 'ya'ya tara, bayan wata biyu tana yawo da biyu. Shirwa ta ɗauki wasu. Ruwan sama ya doki wasu. Wasu raɓar safiya ta jiƙa su sanyi ya kama su. Wasu uwar ta ja su yawo mai nisa suka gaji. Wasu kuma yunwa, domin in an watsa tsaba manya ne suke cinyewa.

Maganin wannan ba tsada. Babban kwando ne, ko ɗan keji na kara ko na waya. A kife uwar da 'ya'yanta a ciki, a wuri busasshe mai inuwa, a riƙa gusar da shi zuwa sabon wuri kullum. A ba su tsaki mai laushi da dakakken ƙuliƙuli da gara da yankakken ganye, sau uku ko huɗu a rana. Makon farko uwar ta zauna da su. Daga nan ana iya sakinta ta yi kiwo in rana ta ɗaga, a mayar da ita wurinsu da yamma domin ɗumi. A yi haka mako huɗu zuwa shida. Lokacin nan gashi ya rufe su, sun iya gudu, sun san in uwa ta yi ƙara a ɓuya.

In ƙasan kejin ya jiƙe ya daɗe, za ku ga 'yan tsaki sun takure suna kashi da jini. Wannan cutar hanji ce, kuma tana da magani a wurin malaman dabbobi. A hanzarta, a kuma sauya musu wuri.

Ku ɗauko allo mu yi lissafi. A ce kana da kaji huɗu. Kowace ta kwanta sau uku a shekara. Sau 12 ke nan. A ce kowane kwanci an sami 'yan tsaki takwas, 96 ke nan. In uku-uku suka tsira, kana da 36. In ka yi amfani da kwando shida-shida suka tsira, kana da 72. Kaji ɗaya ne, zakara ɗaya ne, ninki biyu ya fito daga kwando.

ANNOBAR HUNTURU

Yanzu mu koma kan abin da ya kashe mini kaji. A takardar likita sunanta Niyukasul, sunan wani gari ne a Ingila, kuma tun 1926 aka gano ta. A ƙasarmu ta fi tsanani da sanyin hunturu, daga Nuwamba har wajen Maris. Kun san alamunta. Kaza ta yi zugum, ta saki fukafukai kamar mai jan babbar riga. Ta daina ci. Kashinta ya zama kore. Numfashi yana ƙara. Wata wuyanta ya murɗe, tana juyi. In ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba, tana iya share shi kusan duka.

Ku saurare ni da kyau. Cutar nan ba ta da magani. Kafso ɗin nan ja da rawaya da ake fasawa a ruwa ba ya kashe ta. Barkono da sassaƙen maɗaci, ni ma na jiƙa, na ɗura, kajina suka mutu. In ka ga wadda ta tashi, dama mai tashi ce. Kuma yawan ɗura wa kaji kafso yana da illa, domin maganin yana zama a cikin ƙwai da nama, mu kuma mu ci.

Abin da take da shi rigakafi ne. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana yin maganin rigakafin. Akwai wani iri da ake kira I-2, wanda aka yi domin kajin ƙauye, saboda ya fi sauran jure zafi. Ba allura ba ce. Ɗigo ɗaya ne a ido ɗaya, babba da tsako duk ɗaya. Ka riƙe kazar, ka ɗiga, ka jira ta ƙifta ido ya shige, ka sake ta. Ana maimaitawa duk bayan wata huɗu. A nan wurinmu, ku riƙe Oktoba da Fabrairu da Yuni. Na Oktoba shi ne babba, domin jikin kaza yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin kariyar ta kama, ana so ta kama kafin iska ta juyo.

Akwai sharuɗɗa. Ba a yi wa kaza mara lafiya, domin rigakafi ba ya warkarwa. In annoba ta riga ta shigo gida, an makara. Kuma ko da yake yana jure zafi, ba a barinsa a rana. In an karɓo, a naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma, a sa a kwando, a taho. In an haɗa shi da ruwa, a yi amfani da shi a ranar. A yi da sassafe kafin a saki kaji, in ba haka ba yini za ku yi kuna tsere da su.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya. Saboda haka ku haɗu. Ajin nan naku ma ƙungiya ce. Ku rubuta sunan kowa da yawan kajinsa, ku haɗa kuɗi, ku tura mutum ɗaya ofishin malaman dabbobi na ƙaramar hukuma. Kuma in unguwa duka ta yi, ya fi a ce gida ɗaya ya yi.

Kazar da ta mutu, a haƙa rami mai zurfi a binne ta, ko a ƙona. In aka jefa ta a juji, kare zai ja ta zuwa gidan wani. Wadda ta kamu a ware ta nan take. Kada a kai ta kasuwa. Wanda ya sayar mini da jan zakaran nan ya san abin da yake sayarwa.

Akwai wata cutar kuma da ta fi wannan haɗari, murar tsuntsaye. Ta fara bayyana a Nijeriya a watan Fabrairu na 2006, a Jihar Kaduna, ta sake dawowa a 2015, kuma ta sha ɓullowa bayan nan. Da ido ba a iya bambanta ta da annobar hunturu, amma ita tana iya kama mutum. In kuka ga kaji suna zubewa farat ɗaya da yawa, fuska ta kumbura, zanko ya yi baƙi-baƙi, kada ku yanka, kada ku fige, kada yara su taɓa. Ku wanke hannu da sabulu, ku sanar da maigari da malamin dabbobi a ranar. Agwagi kuma a raba musu wurin kwana da kaji, domin sukan ɗauki cuta su yi ta yawonsu kamar ba komai.

ZAMAN LAFIYA DA MAKWABTA

Ranka ya daɗe, kai ne shaida, ƙarar kaza tana zuwa gabanka duk farkon damina. An yi shuka a bayan gida, kajin wani sun tone. Mai kiwo ya san da wannan tun kafin ruwa ya sauka. Mako biyu ko uku na farkon shuka, a tsare kaji a cikin shinge, a ƙara musu tsaba da ɗanyar ciyawa. Haka ma in an yi feshi a gona ko an wanke iri da magani, a tsare su. Tsabar da aka wanke da magani guba ce ga kaza.

SAYARWA

Kada ka bar zakaru su taru suna cin hatsinka. Da sun kai wata biyar ko shida, ka zaɓi mafi kyau ɗaya ka bari, sauran a sayar ko a yanka. Duk shekara ka sauya zakaran garke, ka samo daga wani gida, domin in uba yana hawan 'ya'yansa iri yana ƙanƙancewa. Kazar da ta tsufa ƙwai ya ja baya, ita ma a fitar da ita. Amma uwa mai kyau, mai ƙyanƙyashe ƙwai da yawa, mai faɗa da shirwa, a riƙe ta, a kuma riƙe 'ya'yanta mata.

Kaza tana daraja da Sallah da Kirsimeti. Mai wayo yakan ƙirga baya wata shida daga lokacin bikin, ya sa kwanci. Kuma in ba ka samu yin rigakafi ba, ka rage garkenka tun suna da lafiya, kafin sanyi ya shigo.

Wata baba a baya can ta ɗaga hannu. Na'am Baba? Tambayarta ita ce, in kuɗin kaza ya shigo, na wa ne, na mai gida ko na wadda ta yi wahala? To, Baba, wannan shari'ar ta fi ƙarfin malamin gona, ga Malam Liman nan. Abin da zan ce kawai, a gidana kajin na uwargida ne, in na yanka wa baƙo ɗaya sai na biya. Kuma a rubuce yake, domin tana da littafi.

Littafin nan nake so kowa ya buɗe. Ɗan ƙaramin littafin makaranta ya isa. Shafi ɗaya na yawan kaji, maza nawa, mata nawa, 'yan tsaki nawa. Shafi ɗaya na ranar kwanci da ranar ƙyanƙyasa. Shafi ɗaya na rigakafi. Shafi ɗaya na abin da aka kashe da abin da aka sayar. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, malamin aji zai taya shi ja layi.

Ranar kasuwa ta sama zan dawo in Allah ya kai mu. Kowa ya zo da littafinsa, ya ƙirgo kajinsa har da 'yan tsaki, don mu san kwalba nawa za mu aika a karɓo. Ina kuma neman mutum biyu, namiji ɗaya mace ɗaya, waɗanda hannunsu ba ya rawa, in koya musu ɗigon ido. Macen ita za ta riƙa shiga gidaje. Wanda yake so ya ba malamin aji sunansa kafin a watse.